Sunan wa za a rubuta a bangon nadi?

Usman Makaniki: Assalamu alaikum 'yan uwa, na gida da waɗanda har yanzu ke gudun hijira. Jiya bayan la'asar matasa sun gama share nadi, wato kulob ɗin unguwarmu, an kwashe ɓaraguzai, an toshe ramukan harsashin da ke bangon gabas, saura fenti. Kafin a shafa ga shawara. Duk wanda ya zaga Hartum tun da aka fara dawowa ya ga hotunan hafsoshin da suka rasu, da sunayensu da muƙamansu. Allah Ya jiƙansu, ba hassada nake ba. Amma yaran unguwarmu da suka tafi ba su dawo ba, 'ya'yan masu shayi da masu agashe da 'yan dakon Suk Markazi, babu mai buga musu allo in ba mu ba. Ina ganin mu rubuta su a bangon nan: suna, sunan uba, inda ya faɗi, da shekara. Kuɗin fenti da na mai rubutu ba zai gagare mu ba. Me kuka gani?

Haruna (Jidda): Wa alaikumus salam. Madalla da wannan tunani. Fenti a kaina, a turo min lambar asusun Bankak.

Adamu Mai Agashe: Na goyi baya. Allah Ya ba da lada.

Baffa Shawish: Usman ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Jikata ce ke rubuta min, ni idona ya daina ganin waɗannan ƙananan baƙaƙe. Tambaya ɗaya gare ni: daga wace shekara za ka fara? In daga 15 ga Afrilun 2023 ne, ranar da wannan yaƙin ya ɓarke, to ka bar rabin unguwa a waje.

Mu da aka taso daga Ishash, tsohuwar unguwarmu, aka kawo nan a farkon shekarun 1990, ba mu gama ɗora rufin ɗakuna ba aka fara kwasar mana yara zuwa yaƙin Kudu, wato Kudancin Sudan. Ni soja ne da albashina, da ƙafata na shiga, na yi Juba, na yi Torit a 1992 shekarar da jesh, wato sojan gwamnati, ya karɓe ta. Ba kaina nake wa magana ba. Ina maganar yaran kasha ne. Ku ƙanana ba ku san ta ba: mota ta tsaya a bakin kasuwa, a sauke samari daga bas, wanda ba shi da katin hidimar dole a jefa shi baya. Ɗan mai hali kafin magariba an je an fito da shi. Namu kuwa sai sansani, horo kaɗan, sai jirgi. Na ga yaron da bai iya kwance bindiga ya mayar ba an sa shi gadin dare a daji.

Waɗanda suka mutu can ba a kawo gawarsu. Mu muka binne su inda suka faɗi, kuma tun 9 ga Yulin 2011 wajen ma ya zama wata ƙasa. Sai a zo ƙofar gidan uwar da lasifika da buhun sukari, a ce bikin shahidi ake, kada ta yi kuka, ɗanta ango ne a Aljanna. In jama'a sun watse ta shiga ɗaki ta yi kukanta ita kaɗai. Iyayen nan wasunsu na raye, suna wucewa ta gaban nadi kullum za su kasuwa.

Sannan akwai yaran sansanin Ailafun, Afrilun 1998, da suka nemi zuwa gida yin Babbar Salla aka hana su, suka gudu ta kogi, aka buɗe musu wuta, da yawa ruwa ya ci. Kakin soja ne a jikinsu, amma ba abokin gaba ne ya kashe su ba. Su a wane layi za ka sa su?

Usman Makaniki: Baffa, wallahi bangon zai ɗauka. A fara da na Kudu.

Bashir Raksha: Baffa da girmanka, ba na ja da kai. Na Kudu a sa su a gefe guda. Amma tsakiyar bangon na waɗanda suka tsaya a wannan yaƙin ne. Da Burhan, shugaban soja, ya yi kiran matasa su fito a ƙarshen Yunin 2023, mu da muka amsa daga nan ba mota muka hau ba. Sai da muka ratsa shingayen bincike da jallabiya, kowa da ƙaryar da zai yi, wani ya ce magani zai sayo wa uwarsa, wani ya ce aikin gini za shi, har muka isa Shajara, inda Mudarra'at take, wato barikin tankokin yaƙi. Wanda bai ga Mudarra'at a Agustan 2023 ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Abokina Isiya, kun san shi, mai gyaran taya a bakin titi, a hannuna ya cika. Ba albashi ya je nema ba, ko lambar soja ba shi da ita. Da irinsu ba su tsaya ba, da ba a shiga fadar gwamnati ranar 21 ga Maris 2025 ba, da yau ba mu zauna muna shawarar fenti ba.

Haruna (Jidda): Allahu akbar. Allah Ya karɓi shahadarsa.

Ustaza Nafisa (Kasala): Allah Ya jiƙan Isiya, na koyar da shi a aji huɗu, yaro ne mai kunya. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗi abin da kowa ke kauce masa. Akwai yaran unguwar nan da suka mutu cikin kakin Da'am Sari, wato RSF, rundunar da ke yaƙi da jesh. Duk mun san gidajensu. Su ma a ajina suka zauna. Me za a yi da su?

Bashir Raksha: Ustaza, in aka rubuta sunan ɗaya daga cikinsu kusa da na Isiya, da hannuna zan kankare.

Adamu Mai Agashe: Ni ma na janye goyon bayana in haka ne. Ranar da aka fasa min shago aka ɗauke firiza da janareta, masu bindigar ba su san layinmu ba. Yaron unguwa ne ya kawo su har ƙofa, yaron da na sha ba shi agashe bashi. Na ji daga baya ya mutu a wajen Jazira. Ban yi murna ba, amma kada a ce in ba da kuɗin rubuta sunansa. Ustaza ke kin fita tun watan farko, ba ki zauna ƙarƙashinsu kusan shekara biyu ba.

Ustaza Nafisa (Kasala): Gaskiyarka Yaya Adamu, ban zauna ba, kuma ban ce a yafe wa wanda ya yi sata ko ya ci zarafin mata ba. Abin da aka yi a Hartum da Madani da ƙauyukan Jazira ba ɓoyayye ba ne. Amma ku tuna kafin 2023. A 2017 majalisa ce da kanta ta yi wa Da'am Sari doka, ta zama rundunar gwamnati. Tun 2015 ake tura sojojin Sudan Yaman, har a Disambar 2019 Hamdok, firayim ministan lokacin, ya ce an rage su daga 15,000 zuwa 5,000. Samarinmu nawa suka bi layin rajista a lokacin saboda kuɗin Yaman? Wanda ya dawo ya gina wa uwarsa ɗakin bulo ya sayi raksha, babur mai ƙafa uku, mun je mun ci walima mun sa albarka. Wanda bai dawo ba mun zauna firashinsa, wato zaman makoki, kwana uku, mun sa kuɗi a kashif, takardar gudummawa. Shi wannan da ya mutu a Yaman kafin a raba gari, sojan gwamnati ne ko ɗan tawaye?

Bashir Raksha: Wannan daban.

Ustaza Nafisa (Kasala): To ka ga har mun fara yanka bangon gida-gida. Ga kuma wata: waɗanda bam daga sama ya kashe a Suk Goro ta Mayo ranar 10 ga Satumbar 2023, mutum sama da arba'in, aka riƙa kwasar su a raksha zuwa asibitin Basha'ir. Da matasan takiyya, wurin girkin sadaka, da suka mutu suna dafa wa unguwa adas. Ba su riƙe bindiga ba, amma yaƙin ne ya ci su.

Usman Makaniki: Don Allah a yi a hankali. Duk wanda ya ambaci sunan gidan wani a wannan batu zan goge saƙon. Malam, muna jiran ka.

Malam Tahir (Gadarif): Assalamu alaikum. Na karanta duka. Abu uku zan faɗa, na bar muku sauran.

Na farko, rubuta suna a bangon nadi ba gini a kan kabari ba ne, ban ga haramci a ciki ba muddin babu hoto da za a riƙa tsayawa ana girmamawa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ɗora dutse a kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane wurin, kuma yana ziyartar mutanen Uhudu. Tunawa da mamaci ba bidi'a ba ce. Amma ku yi hattara da kan rubutun. Imamu Buhari ya ƙulla babi guda a kan cewa ba a yanke wa wani mutum shahada, domin Allah ne Ya san wanda ya fita don Shi. Muna kyautata zato, muna addu'a, ba mu raba Aljanna da burushin fenti. Waɗanda suka riƙa raba ta da lasifika a shekarun da Baffa ya ambata, kun ga inda suka kai mu.

Na biyu, bango ba ya ƙara wa mamaci komai, na masu rai ne. Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ya tambayi wace sadaka ta fi, aka ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'ad ce. Unguwar da har yau karo ke sayar mata da ruwa a jarka, ina ganin sabil, wato ruwan sha na sadaka, ya fi bango. Tanki da famfo, in da hali a sa sola.

Na uku shi ne ya fi damuna, kuma ba wanda ya taɓo shi: mutanenmu da ke kwance a filin ƙwallo da tsakar gidaje.

Sadiya: Malam Allah Ya saka da alheri. Tun safe nake rubutawa ina gogewa.

Baffa, Yaya Usman, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ba bango nake so ba. Mijina Baban Walid arif ne, wato kofur a soja, yana gida hutu aka fara, cikin azumi. Kwana na uku ya ce ba zai zauna ba, zai koma rundunarsa. Bai wuce babban titi ba aka harbe shi. Maƙwabta suka jawo shi da dare, aka naɗe shi da zanin gado, aka binne shi a bayan ragar filin nadi domin ba hanyar maƙabartar Sahafa. Wato bangon da kuke maganar fentawa, yana kwance taku kaɗan daga gindinsa. Yara sun fara buga ƙwallo a wurin. Walid da kansa yana cikinsu, ya san wurin, shi ke hana su bi ta kai.

Na je wani ofis neman haƙƙinsa, aka ce sai takardar mutuwa. Na je inda ake ba da takardar, aka ce wa ya shaida, wane likita ya gani. Wane likita a daren nan? Aka ce kuma bai mutu a bakin aiki ba tunda bai isa rundunar ba. Yanzu shayi nake sayarwa a gindin bishiyar da uwata ta sayar. Ba kunya ba ce, amma in akwai kuɗin fenti, a fara taimaka min a mayar da shi maƙabarta, a kuma samo min maza biyu cikin waɗanda suka binne shi su tsaya min shaida.

Adamu Mai Agashe: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sadiya ni ina cikin waɗanda suka haƙa. Ba ki taɓa faɗa min ana neman shaida ba. Duk ranar da kika shirya zan rufe tukuba mu je.

Malam Tahir (Gadarif): 'Yata, kada wani ya sa miki shakka a kan tonowa. Jabir ɗan Abdullahi ya fito da mahaifinsa daga kabarin Uhudu bayan wata shida ya sake masa wuri shi kaɗai. Sai dai kada ku yi da kanku. Hukumar likitocin binciken gawa ta jihar Hartum tare da Hilal Ahmar, wato ƙungiyar agaji ta Red Crescent, suna wannan aikin unguwa-unguwa, a bi ta hannunsu, domin ta nan ne za a samu rubutacciyar shaida.

Haruna (Jidda): Sadiya Allah Ya ba ki haƙuri, kuɗin da na ce na fenti a juya shi wajenki. Amma 'yan uwa kada a yar da maganar bango. Ni dalilina daban ne. Kun manta 2008, da jarida ta buga maganar da aka jingina wa shugaban ƙasa na lokacin Umar al-Bashir cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, har mutanenmu suka fito a Gadarif da Kasala da Bur Sudan? Kun manta kashe-kashen Nilul Azrak a Yulin 2022, da na Wad al-Mahi a Oktoba? Har gobe in ɗanmu ya je neman rakam watani, wato lambar ɗan ƙasa, sai an tambaye shi kakan kakansa. Ina so duk wanda ya ce mana baƙi a kama hannunsa a kai shi gaban bangon nan a ce karanta. Ga jininmu.

Baffa Shawish: Haruna, na fi ka jin zafin wannan. Na dawo daga Kudu da ƙarfe a cinya, aka tambaye ni shaidun asali kafin a ba ɗana jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Amma ka saurare ni. Wanda bai yarda da kai ba saboda Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogi bayan yaƙin Burmi na 1903, bai yarda da kai ba saboda audugar Jazira da kakanninmu suka tsinta tun aka gama madatsar Sinnar a 1925, bango ba zai sa ya yarda ba. Kuma ba na so yaro mai tasowa ya karanta ya ɗauka sai ya mutu ne zai zama ɗan ƙasa. Mai shayi 'yar ƙasa ce ko ba ta ba da ɗa ba. Yaran nan a rubuta su don namu ne, ba don a nuna wa wani rasit ba.

Haruna (Jidda): Na ji Baffa. Ban gamsu duka ba, amma na ji.

Maryam 'yar Hajja: Salam. Inna ce ta ce in rubuta mata, ga maganarta yadda ta faɗa. Ta ce ita ta yi wa rabin yaran da kuke magana wankan jego, na wannan gefe da na wancan. Ta ce kada a kuskura a rubuta sunan yaron da ya bi waɗancan a bango ko a waya, ba don fushi ba, don tsoro. Yanzu ana kama mutane da zargin haɗa kai, ana kai su kotu, kuma mu mutanen kudancin Hartum da ma ana mana kallon haka don ba mu da kuɗin gudu muka zauna. Suna a bango shaida ce a kan uwa da ƙanne da ba su ji ba ba su gani ba. Ta ce na jesh ɗin ma a yi tunani, yaƙi bai ƙare ba, kun ga abin da ya samu garin Fashir a Oktoban 2025 da waɗancan suka kama shi. Ta ce ita ta ga gwamnati da yawa sun zo sun wuce.

Bashir Raksha: Wato tsoro zai sa mu ɓoye sunan Isiya? Hajja ki gafarce ni, shi bai ji tsoro ba.

Maryam 'yar Hajja: Ta ce uwar Isiya ka tambaya, ba ita ba. Ta ce ka je ka gaishe ta ma, ta kwana biyu ba ta gan ka ba.

Bashir Raksha: Ina kasa haɗa ido da ita ne. Zan je.

Ustaza Nafisa (Kasala): Ga abin da nake gani zai haɗa mu. A sayi babban daftari mai bango mai ƙarfi, a ajiye wajen liman, ba a waya ba. A bi gida-gida, mata su shiga wajen mata. Duk wanda yaƙi ya ci daga unguwar nan tun na Kudu, a rubuta sunansa, da shekara, da inda ya faɗi, da inda aka binne shi in an sani, da waɗanda suka shaida. Ba za a rubuta kowa ba sai da yardar gidansu. Waɗanda suka ɓace ba a ga gawa ba su ma a ba su shafi, domin akwai iyayen da har yau ba su yarda a yi musu firashi ba. Wannan daftarin ne zai yi wa irin su Sadiya amfani in an ce kawo shaida. In na dawo bayan jarrabawa ni zan riƙe alƙalami.

Adamu Mai Agashe: A daftari ban hana a rubuta kowa ba, uwarsa ba ta yi min komai ba. Amma ranar da za a yi sauka a karanto sunaye, in an zo kan nasa zan tashi in fita. Ina faɗa tun yanzu kada a ce na yi rashin kunya.

Malam Tahir (Gadarif): Ba mai tilasta maka, Adamu. Haƙƙinka ne, yana nan har gaban Allah in ba ka yafe ba.

Usman Makaniki: To ga inda na fahimci an tsaya, wanda bai yarda ba ya yi magana. Kaburburan fili su ne farko, gobe ni da Adamu za mu je mu kai sunan unguwa a sa mu a layi. Daftari na biyu. Tanki na uku, Haruna ka tattara na Saudiyya, ni in tattara na gida, a riƙa sanya kashif a nan kowa ya gani. Bango za a shafa masa fari a bar shi haka har mutanen Gadarif da Kasala da Masar su dawo a zauna ido da ido.

Bashir Raksha: Ban yarda da barin bango ba, a rubuta cewa ban yarda ba. Sunan Isiya dai yau zai hau bayan rakshata, wannan ba sai na nemi izinin kowa ba.

Usman Makaniki: An rubuta. Rakshar taka ce za ta ɗauko tankin ma.

Baffa Shawish: Ustaza, kada a jira ki gama jarrabawa. Na Kudu a kaina suke, ba a takarda ba, kuma mu da muka san su saura kaɗan. Usman ka turo min yara biyu masu kyan rubutu ranar Juma'a bayan salla. Su zo da daftarin da biro, su zo da sukari kuma, nawa ya ƙare.